Mujiya Mai Lamba Ɗari Biyu da Bakwai

Ƙarfe bakwai, Wrocław ba ta gama farkawa ba,
tururin sanyi na kwance bisa kogin Odra.
Ludwik mai gadi ya miƙo mini makullai:
"Bogna, mutanenki sun kwana lafiya,
ko tari babu wanda ya yi."
Shekara sha ɗaya yana wannan zolaya,
shekara sha ɗaya ina yi masa dariyar.

Na sauka ɗakin ƙasa.
Nan ba a gaisawa da hannu tsirara,
don masu aikin dā da guba suka shafe fatun,
gubar kuwa ba ta san an yi ritaya ba.
Safar hannu, takunkumi, burushi mai laushin gashin jariri.

Abokan gābata ƙanana ne:
asu, da wani ƙwaro da bai kai ƙwayar riɗi ba,
da laima, da hasken rana.
Ba sa gaggawa.
Ni ma na daina.

Yau mujiya ce a kan teburina.
Ɗinkin cikinta ya saki,
idonta na gilashi ɗaya ya karkace
kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa.
A ƙafarta ga 'yar takarda da zare,
tawada ta koma launin shayi:
dajin da aka same ta, watan Nuwamba,
shekarar da ko kakata ba ta zo duniya ba,
sai haruffa biyu, H da B. Shi ke nan.

Na sa hantsaki a hankali.
Ciyawa na zata, ko auduga, ko ɓawon katako.
Sai ga takarda a duƙunƙune
daidai inda zuciya ta taɓa zama.

Awa biyu na yi ina warware ta,
ina ba ta danshi kaɗan-kaɗan
kamar mai lallashin yaron da ya yi fushi.
Ba wasiyya ba ce, ba wasiƙar masoyi ba.
Cefane ne.
Burodi. Kananzir. Zare baƙi.
Albasa, an soke ta da layi.
Can ƙasa, an danna alƙalami har ya huda:
maganin tari na Jadzia.

Na ajiye hantsaki.
Injin sanyaya ɗaki na ta gurnaninsa.

Wace ce Jadzia?
'Ya ce, ko mata, ko tsohuwar maƙwabciya?
An sayo maganin kafin a cusa takardar,
ko auduga ce ta ƙare wa mai aiki
ya laluba aljihu, ya manta?
Na san tsawon fiffiken tsuntsuwar nan,
na san ɓeran da ta ci daren ƙarshe, an rubuta.
Ban san ko tarin ya lafa ba.

Dokar aikinmu ɗaya ce:
kada ka yi abin da na bayanka ba zai iya warwarewa ba.
Na ɗauki hoto, gaba da baya,
na cike fom, na sa hannu.
Shugaba Radomski zai ce a kai ta ma'adanar takardu.
Gaskiyarsa ce.
Amma shekara ɗari da ɗoriya
takardar nan ke riƙe da ƙirjin mujiya,
in na cire, ya lotsa.

Na mayar da ita.
Ɗinki bakwai, kowanne mai saukin tsinkewa.
Na daidaita idon, ta daina sauraron gulma,
ta dube ni sosai.

Da yamma na miƙa makullai.
Ludwik ya ce, "Yaya mutanen?"
Na ce, "Akwai mai tari."
Ya yi dariya har da dukan tebur.

A hanya na sauka tasha biyu kafin tawa,
na shiga kantin magani,
na tsaya a layi da jikakkiyar lema,
sai da aka zo kaina
na tuna babu mai ciwo a gidanmu.