Tubalin Masar

Ƙanena Irmiya ya dawo daga Masar
da hotuna cike da waya, da tari a ƙirji,
wai sanyin jirgin ruwa ne ya kama shi.
Kwana bakwai suna bisa kogin Nilu,
fastoci ashirin da malami guda,
da safe karatun Fitowa,
da hantsi a sauka gaɓa
a shiga ɗakunan gumakan Fir'auna.

Jan bijimina na cikin kuɗin tafiyar.
Ban faɗa a coci ba. Ya sani, na sani.

Daren Laraba muka baza tabarmi bayan majami'a,
nan Unguwar Jatau, inda iskar Tiga ke isowa da ƙarnin kifi.
Waya na yawo hannu zuwa hannu.
Ga ginshiƙi, ƙarti goma ba sa rungume shi.
Ga wani, jikin mutum, kan shaho.
Ga mai kan kada.
Gwaggo Fibi ta tofar da yawu gefe,
sannan ta ce a miƙo mata na kadan ta ƙara gani.
Kakanta ma yana da nasa a gindin tsamiya,
dutse ne kawai ba a sassaƙa masa ba.

Ni magini ne.
Shekara talatin ina cuɗa ƙasa da ƙafa.
Na ce, Irmiya, duk wannan dutse ne.
Ina tubalin?
Abin da aka karanta mana,
hana su ciyawa aka yi,
aka ce kuma lissafi kada ya ragu.

Ya yi shiru, yana ta shafa gilashi da yatsa,
ya wuce sarakuna, ya wuce teburin cin abinci,
ya wuce faɗuwar rana har sau shida.
Can ya tsaya.
Hoton kuskure ne, da rabin babban yatsansa a ciki.
Ya zaga baya neman inuwa,
sai ga katangar ƙasa, rabi ta zube,
ba mai gadi, ba allon bayani.

Na ce, buɗa shi.
Ya buɗa da yatsu biyu.
Ga ramno nan a jikin tubali, fari-fari,
kamar jiya aka yanko shi.

Malaminsu ya ce ba a san wa ya gina ba,
ƙila ma bayan Musa ne da shekara dubu.
To. Ni ban ce na Isra'ila ba ne.
Na dai san bayan da ya sunkuya a wurin,
na san yadda laka ke shiga faso
ta kwana tana cizo.

Da asuba na sauka kududdufi.
Tubali ɗari uku ake bi na, na ajin Lahadi.
Amalanke na jingine, babu mai ja,
ruwan a ka na ɗauko.
Na zuba ciyawa fiye da kullum,
na shiga da ƙafa.