Silifas na Ƙafar Hagu

Asubar Juma'a, ruwa ya janye daga gaɓar ƙauyenmu,
muka fito da tsofaffin buhunan shinkafa,
mu goma sha tara, har da jikan Daeng Sikki
mai riƙe wando da hannu ɗaya.

Ga abin da teku ta amayar cikin dare:
gorar roba, ledar taliya, buroshin haƙori,
raga da ta nannaɗe kunkuru har ya kusa barin motsi,
da silifas, silifas, duk na ƙafar hagu.

Indo Sakka ta ce na daman suna wani tsibiri,
can ma wata tsohuwa na tsinta tana tsaki.
Muka yi dariya, ƙugu na ciwo.

Da cewa muke sharar Makassar ce,
ta manyan jirage, ta baƙi.
Sai Ambo Rappe ya ɗago wata shuɗiyar jarka,
ya juya ta, ya yi tsit:
sunansa ne a gindinta, da fentin hannunsa,
wadda ya wurgar bara da ta tsage.
Ba wanda ya ce masa uffan.
Ya sa ta a buhu a hankali,
kamar mai mai da ɗansa gida.

Kafin kiran salla, buhu arba'in da ɗaya.
Kunkurun da muka kwance
ya jima kafin ya sake yarda da ruwa.

Gobe igiyar ruwa za ta kawo wasu, mun sani.
Indo Sakka ta jera silifas ɗin a igiyar shanya,
wai ko masu su za su biyo sawu.