Abin da Mai Wanki Ya Sani

A ƙarƙashin filin ƙwallo, a Toledo,
inda injin wanki bakwai ke gurnani,
nan nake, ni Jatau, shekara goma sha ɗaya,
ina karanta kakar wasa a jikin riguna.

A bene suna da allo da alli.
Madam Okerlund mai riƙon asusu
da Koci Whitlock mai taunar murfin biro,
tun ƙanƙara ba ta narke ba suke jayayya:
wasa uku na wajen rukuni,
wa za mu gayyato, wa za mu je wa?

Koci ya ce a kawo ƙanana,
yara su ɗanɗani nasara tun da wuri,
zuciya ma sai ta karya kumallo.
Aka kawo su, uku a jere,
makarantun da ko taswira sai ta yi tunani.
Muka ci, muka ci, muka sake ci,
'yan badujala har leɓensu ya kumbura.
Ni kuwa rigunan suka sauko mini fes,
ɗan koren ciyawa a gefe,
ko sabulun kirki ba su ci ba.
Na shinshina, ban ji warin wahala ba.
Na tuna wani ɗan damben garinmu
da ke zaɓen abokin karo a cikin masu tari,
kirarinsa ya fi damtsensa kauri.
Oktoba ta zo da tsararmu na gaske,
suka ninke mu kamar tabarma.
Ashe wuƙar da aka wasa a jikin kabewa
ba ta san ƙashi ba.

Da shekara ta zagayo Madam ta buga tebur:
manya na kira, kuma da kuɗinsu.
Ku zo gidanmu mu doke ku, mu biya.
Aka shiga mota, tafiyar awa shida,
filin ya haɗiye mutum dubu tamanin
bai ko yi gyatsa ba.
Hamsin da biyu da uku.
Ukun nan ma da ƙafa aka roƙo ta.

Daren nan ban yi barci ba.
Laka, jini, fentin hular kwanon wasu,
ɗinki ya ɓalle a kafaɗa goma sha huɗu.
Lamba saba'in da huɗu ta zo a leda,
likita ya raba ta biyu da almakashi.
Ta Lamont ce,
yaron da ke ce mini Baba Jay,
mai satar mini kilishi a aljihun tebur.
Bai ƙara saka wata ba.

Amma ban ɓoye gaskiya:
sauran sun dawo da wani irin ido.
Wanda ya ga rijiya gaba dubu
kwatami ba ya ba shi tsoro.
A kakar nan mun ci takwas,
har da waɗanda suka ninke mu bara.
Kuma cikin kuɗin dukan nan
aka saya mini injin wanki biyu, sababbi,
masu waƙa idan sun gama.

Rannan muka haɗu da Koci a lifta,
ina tura kwandon tawul.
Ya ce, Jatau, kai me ka gani?
Na ce a nemi dutse guda na wasa wuƙa,
a nemi tsara, sai an gwada akan san na ƙwarai,
na ukun a bar yara su numfasa.
Ya yi dariya, ya ce haka kowa ke faɗa,
wane dutsen ne ba ya cin wuƙa?
Ƙofa ta buɗe kafin in sami amsa.

Jadawalin baɗi yana manne a bango.
Ban duba ba tukuna.
Rigar Lamont na ɗinke ta da hannuna,
tana ƙasan aljihun tebur,
kusa da kilishin
da yanzu yakan kai mini mako.