Ruwan Rake

Kwalbar ba ta fi tsawon yatsa ba.
Jika huɗu da rabi na ba Lawali
a farmasin da ke bakin Bagalam,
ya juya ta a hannu, ya karanto mini sunan:
gilikolik. Asid ne, in ji shi, amma ɗan gidan rake.
Na yi dariya. Raken da muke sha a bakin tasha
mu tofar da ɓawon a ƙasa,
shi ne zai ci mini fuska?
Ya ce, Habsu, zuma ma da zaƙi da harbi.

Gwada bayan kunne tukuna, ki jira kwana biyu.
Minti uku, kada ki ƙara ko numfashi ɗaya.
Da dare. Kuma ki guji rana.
Guje wa rana, a Maradi!
Ni da ke koyar da lissafi a ajin zana,
ni da kabu-kabu ke kai wa lakwal, fuska a buɗe.

Bayan lisha na rufe ɗaki.
Wuta ta ɗauke, kamar ta san shirina.
Waya ta zama fitila, ta zama agogo,
na tsoma auduga, na bi kumatu
kamar mai yaɓen ɗaki kafin damina.

Minti na farko, sanyi.
Na biyu, tururuwa suka fito kiwo.
Na uku, ƙaiƙayin gero ranar sussuka.
Na kwara ruwan randa har rigata ta jiƙe.

Da safe goshina ya yi sulɓi
kamar ƙwaryar da aka daɗe ana sha da ita.
Nan kwaɗayi ya shigo.
Malamar lissafi ce ni, na ce:
in uku ta ba da wannan, shida fa?

Shida ta ba da wuta.
Kwana biyar ina saɓa kamar ƙadangare,
yara na kallon haɓata, ba allo ba.

Inna Cima ta zo daga Tibiri da kuɗin adashi,
ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙura mini ido.
Ke ma kin shiga shafe-shafen nan?
Na ce a'a, Inna, baƙina nawa ne, ba na sayarwa ba.
Ramukan nan nake son cikewa,
waɗanda ƙuraje suka haƙa suka tafi.

Ta kama yatsana, ta ɗora bisa kuncinta,
ta bi da shi layi-layi, daga baki zuwa kunne,
inda askar wanzami ta bi tun ba ta san kanta ba.
Ba wanda ya riƙe mini agogo, ta ce.
Nawa dai suna da suna. Naki fa?

Na ɗauki madubi.
Wannan, shekarar jarrabawa ce, da na faɗi.
Wannan, watanni bakwai ba albashi.
Na ƙarƙashin ido, ban faɗa mata ba,
ita ma ba ta tambaya ba,
sai ta kwance bakin zane ta miƙo mini man kaɗe.

Sati uku kwalbar na bayan akwati muna gaba.
Sai da fata ta huce muka shirya.

Yanzu sau ɗaya a sati biyu, daren Alhamis,
minti uku, ba kari.
Da safe man kare rana, da malfa irin ta masu shanu,
yara sun gaji da dariya sun bari.
Kumatu sun yi laushi, ba zan yi ƙarya ba,
na jarrabawa ya kusa ɓacewa.

Na ƙarƙashin ido yana nan.
Wurin da laushi, in ji Lawali, kada auduga ta je.
Ni ma dama kewaye shi nake yi.