Bokitin da Ke Gefen Hagu

Shekara talatin ina raba wasiƙu a Arbroath,
na san kowace ƙofa da karen da ke bayanta.
Da na ajiye jaka, kafaɗa ta ƙi zama haka nan,
sai na rataya mata kyamara.

Da asuba nake fita, kafin masunta su kunce igiya.
Sanyin teku ya ci yatsu har madanni ya gagara.
Ina jiran rana ta leƙo ta bayan hasumiya,
ita kuwa ranar garin nan ba ta san alkawari ba:
yau ta zo, gobe ta aiko gajimare ya ba da haƙuri.

Hoto ɗari uku a mako.
Biyu nake nema. Ɗaya ma, in an matsa.

Gasar ƙungiya ran Talata ce, a zauren bayan coci,
amma tun Alhamis teburinmu ya daina ganin abinci.
Morven ta kwashe faranti ba ta ce uffan ba,
shirun dai na san fassararsa.

Firinta ta yi tari, ta ja takarda a hankali
kamar wanda aka tsare ya biya bashi.
Na farko ya fito kore, sai ka ce Ishbel ta kwana a ruwa.
Na biyu ya yi duhu, hayaƙi ya haɗiye hannuwanta.
Ga tawada, 'yar kwalbar da ba ta kai babban yatsa ba,
kuɗinta ya fi cefanen mako.
Na uku na kai shi bakin taga,
don fitilar ɗaki maƙaryaciya ce.

Ga Ishbel tsaye a kan ramin banda,
kifi biyu-biyu a sanda, ɗaure ta wutsiya,
hayaƙi ya taso ya tsaya daidai haɓarta.
Can gefen hagu, wani shuɗin bokiti mai tsaga.
Na rufe shi da tafin hannu, na buɗe.
Na sake rufewa.
Na bar shi.

Saura kwali.
Fensir a bayan kunne, na auna, na sake aunawa,
wuƙa ta bi rula a karkace, kusurwa uku lafiya lau,
a ta huɗu ta zame ta ɗanɗani yatsana.
Ɗigo ɗaya ja a kan fari.
Sai sabon kwali, sai filasta, sai ƙarfe ɗayan dare.

Talata. Kujerun roba, shayin da ya huce.
Alƙali daga Dundee, Mista Galbraith, tabarau a goshi,
ya tsaya gaban nawa kamar mai taya saniya.
"Haske ya yi. Hannuwa sun yi.
Bokitin nan ne ke jan ido waje.
Da ni ne, da na datse shi. Sha huɗu cikin ashirin."
Agwagwar Struan ta ci sha tara,
karo na uku ke nan, agwagwa ɗaya.
Na tafa da kyau.
Ba a fushi da alƙali a bainar jama'a,
a mota ake yi, gilashi a rufe.

Laraba na kai wa Ishbel.
Ta goge hannu a riga, ta riƙe shi ta gefe-gefe,
ba ta ko dubi fuskarta ba.
"Bokitin babana," in ji ta.
"Ran Asabar gindinsa ya fita, na jefar."
Ta daɗe tana kallo, banda na neman ƙonewa,
sannan ta naɗe min kifi biyu a jarida, da ɗuminsu.

Jigon wata mai zuwa: Ja.
A gida na tarar Morven ta juya koren hoton nan,
ta rubuta cefane a bayansa:
madara, dankali, filasta.
Na zaro fensir daga bayan kunne
na ƙara a ƙasa: jar tawada.