Ruwan da Ke Kan Baffa Hammayo

Sun karɓe zobensa da makullin injin ban-ruwa,
har allurar da ke maƙale a hularsa.
Maganaɗisu ba ya wasa, in ji Saratu Yila,
mai farar riga da biro a bayan kunne.
Gado ya zame da shi cikin bakin na'ura,
sai ƙara, kwas, kwas, kwas,
kamar injin niƙa a Tudun Hatsi ranar Litinin.

Daga bayan gilashi na ce, me kike nema?
Ta ce, ruwa.
Muna tambayarsa ina ya fi son zuwa.

Ɗiga shuni a tafki, in ji ta,
gabas da yamma duk ɗaya ne gare shi.
Ɗiga shi a siririyar magudana,
ko ruwan a tsaye yake,
tsawo zai bi, gefe ya hana shi.
Haka kan mutum.
Inda jijiyoyi suka jeru kamar zaren rake
ruwa kan bi layi,
awo ya hau kusa da ɗaya.
Inda aka yi fili, ya yi ta gantali,
awo ya sauka wajen sifili.

Allo ya kawo launi.
Ja, daga kunne zuwa kunne.
Kore, daga goshi zuwa ƙeya.
Shuɗi yana gangarawa wuya.
Ban san haka Baffa yake da ado a ciki ba,
mutumin da rigarsa biyu.

Sai biro ya tsaya a hagu,
wani wuri kamar ƙwallon goruba,
launi ya dushe, layi ya watse.
Ba ta ce komai ba. Likita ne zai faɗa.
Ni kuwa na san wurin.
Nan sunana ya ɓace masa tun watan jiya,
yana kallona yana cewa guga, guga.

Shekara talatin a lambun Dadin Kowa
yana buɗe wa ruwa hanya da bakin fartanya,
fangali bayan fangali,
bai taɓa barin ɗigo ya yi yawon banza ba.

Da suka fito da shi ya lalubi hularsa,
ya kama hannuna da ƙarfi,
kalma tana zuwa tana komawa.
Ya ce, tumatir.
Ya ce, wa ya tare?

Na ce, an tare, Baffa.
Ban sani ba ko an tare.