Agogon da Ba Ya Faɗin Lokaci

Ni mai awo ne.
Shekara goma sha tara ina auna albasa a kasuwar Aliero,
na san buhun da aka cika da gaskiya
da wanda aka ɓoye wa ruɓaɓɓu a gindi.
Ban taɓa jin ana auna ƙiriniya ba
sai ranar Talata, a asibitin Birnin Kebbi,
da Dakta Rilwanu ya ɗaura wa Zayyanu agogo a hagu,
baƙi, ba lamba a fuskarsa.
Na ce, ƙarfe nawa yake faɗi?
Ya ce, motsi yake ƙirgawa:
mako biyu kafin magani, mako biyu bayansa.

Zayyanu, shekara takwas.
Malama Ige ta ce kamar an zuba garwashi a kujerarsa.
Ya san kowane tsuntsun da ya gifta taga
amma ba ya kai ƙarshen layin karatu.
Agogon ya bi shi kan katanga,
bayan akuyar Luba, cikin fadama,
har barci, inda ƙafa ke gudu a ƙarƙashin mayafi.

Ranar komawa likita ya juyo mini kwamfuta.
Haƙoran zarto, daga asuba har isha'i.
Ya ce, ga ɗanka.

Sai ƙwaya ɗaya da safe, bayan koko.
Mako biyu, tsinin ya kwanta
kamar kunyar gero da ruwa ya daka.
Malama ta aiko takarda: ya zauna, ya gama lissafi.
Uwarsa ta yi guɗa ƙasa-ƙasa.

Ni kuwa na lura
abincin rana yana dawowa rabi,
kuma jiya zalɓe ya sauka gefen rijiya
bai ja rigata ya nuna mini ba.

Na faɗa wa likita ina jin nauyi.
Bai yi dariya ba.
Ya rubuta da biro a gefen zanen,
ya ce, za mu rage kaɗan mu gani.
Agogon nan ba ya ganin zalɓe,
kai za ka ƙirga mini.

Yanzu awo biyu gare mu.
Nasa a wuyan hannu,
nawa a aljihu: gyaɗa ɗaya
duk sa'ad da ya ce, Baba, duba!
Yau zuwa la'asar sun kai huɗu.
Uku zan kai asibiti.
Ya laluba aljihuna ya cinye ɗaya.